Yadda Ake Hawan Dutse Kafin Asuba Don a Riski Fitowar Rana a Bakin Tafki

Tafkin da ke kan tsauni yana da wani ɗan lokaci a kullum wanda da wuya ya kai awa guda. Daga sanda gabas ta fara ja zuwa sanda rana ta leƙo ta bayan duwatsu, iska tana kwance, ruwan ya yi shimfiɗa kamar madubi, wani siririn tururi yana tashi daga fuskarsa saboda ruwan ya fi iskar da ke samansa ɗumi. Da zarar rana ta fara gasa jikin dutse, iska takan taso daga kwari ta hauro, ta yamutsa fuskar ruwan, shi ke nan sai gobe. Wannan ɗan lokacin ake nema, shi ya sa ake hawa cikin duhu. Akwai riba ta biyu wadda mutanen yanki mai zafi irin namu na Kaduna suka fi kowa buƙata: a yi wahalar hawa cikin sanyin dare, a sauko kafin rana ta take.

Duk tafiyar a kan abu ɗaya take tsaye, wato lissafin lokaci da ake farawa daga fitowar rana a dawo baya. In lissafin ya yi daidai, za ku yi tafiya cikin natsuwa. In ya karkace, za ku yi gaggawa a cikin duhu a kan dutse, kuma targaɗe da karaya sukan fito daga nan.

Wane dutse, wane tafki

Tafkunan da ƙanƙara ta haƙa a kan manyan tsaunuka suna can Turai, Asiya, Amurka, da Gabashin Afirka. A Dutsen Kenya, wanda tsayinsa ya kai mita 5,199, akwai tafkin Michaelson a kusan mita 4,000 sama da teku, a kan hanyar Chogoria, kuma masu zuwa ƙololuwar Lenana mai mita 4,985 sun saba tashi wajen ƙarfe 3 na dare don rana ta same su a sama. A Najeriya dutse mafi tsayi shi ne Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419. Tafkunan tudu da muke da su galibi na bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, irin su Pidong a Ampang ta Yamma, ƙaramar hukumar Mangu a Filato, da Tila a tsaunukan Biu. Sai kuma ruwan da ke taruwa a kwarmin duwatsu bayan damina, da ƙananan madatsai da ke tsakanin tsaunuka.

Ga mazaunin Kaduna, wurin koyon hawa yana kusa. Akwai Kufena a Zariya, akwai Turunku a Igabi, akwai duwatsun Kajuru, akwai tsaunin Kagoro a ƙaramar hukumar Kaura wanda ya haura mita 1,200. Kada ka fara da tafiyar dare. Ka hau ƙaramin dutse da rana sau biyu ko uku, da takalmin da jakar da za ka tafi da su, ka riƙa duba agogo ka ga minti nawa kake ɗauka. Wannan adadin naka na kanka shi ne za ka gina lissafi a kansa.

Izini da tsaro, kafin komai

Ba a shiga dajin mutane cikin dare da fitilu ba tare da saninsu ba. Mutum shida suna haska tociloli a bayan gari ƙarfe 3 na dare, a halin da ake ciki, abin da zai zo wa 'yan banga a rai ba masu yawon buɗe ido ba ne. Ku isa garin da ke gindin dutsen tun da rana, jajibirin hawan. Ku gaida mai unguwa ko dagaci, ku faɗi ko ku su wane ne, ku nawa ne, da lokacin da za ku tashi. Ku sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da kuma 'yan sintirin garin. Ku yi tambaya kai tsaye: an ga baƙin fuska a dajin cikin kwanakin nan? In mutanen gari suka yi jim, ko suka ce a bari tukuna, a bari. Su ne suke kwana a wurin.

Da ɗan gari akan ci gari. Ku ɗauki ɗan jagora, mafarauci ko manomin da gonarsa take kan hanyar, ku yi cinikin ladansa tun da yamma don kada a tsaya jayayya da asuba. Ku tambaye shi abubuwa huɗu: inda hanya take rabuwa, inda ake tsallake ruwa, inda amya ko zumar kogo take, da wuraren da al'adar garin ta hana a taka. Duwatsu da tafkuna da yawa a Kudancin Kaduna da Filato suna da matsayi a wajen masu su. Abin da suka ce kada a taɓa, kada a taɓa.

Kada ku yi tuƙin dare daga Kaduna don ku isa gindin dutse ƙarfe 3. Ku kwana a can. Ku bar wa wani a gida sunan garin, sunan hanyar, yawanku, da lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai fara neman taimako. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma a bayan dutse sau da yawa babu sabis, don haka wannan mutumin na gida ya fi lambar muhimmanci. Yawan ayari kada ya gaza mutum huɗu: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su sauka neman agaji. In kun haura takwas kuma, tafiya takan yi nauyi.

Lokacin shekara da kwanan wata

Mafi kyau shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba. Ruwan sama ya ɗauke, tafki yana cike, hazo bai yi kauri ba. A Janairu da Fabrairu ƙurar hunturu kan rufe sama, rana ta fito fari fat kamar faranti, ba ja ba launi, kuma lokacin ne ake cinna wa daji wuta. Maris da Afrilu akwai zafi, ƙananan ruwaye sun ƙafe. Da damina kuwa falalen dutse yana da santsin sabulu, rafin da aka tsallake da tafin ƙafa da asuba zai iya kai ƙugu da hantsi in an yi ruwa a sama, ga tsawa.

Ku duba kwanan watan Musulunci. Daga 14 ga wata zuwa wajen 22, wata yana sama da asuba, haskensa yana nuna siffar dutse da bakin rami tun daga nesa. A goman farko wata yakan faɗi tun kafin ku tashi, sai duhu ƙirin. Tafiyar farko a sa ta cikin farin wata.

Lissafin lokaci

Ana amfani da wata tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Wannan na mai ƙarfi ne da ke tafiya da rana ba hutawa. Don duhu sai a ƙara kashi ɗaya bisa uku, sannan a ƙara lokacin hutu da na salla.

A ɗauka tafkin yana kilomita 4 daga gindin dutse, kuma hawan mita 450 ne. Nisan ya ci minti 48, hawan ya ci minti 45, jimla 93. Ƙarin duhu minti 31, ya zama 124. Hutu minti 10, sallar asuba minti 15, an kusa awa biyu da rabi. A tsakiyar Disamba rana tana fitowa a yankin Kaduna wajen 6:40, alfijir kuma yana ketowa wajen 5:25. Ana so a isa bakin ruwa rabin awa kafin fitowar rana, wato 6:10, domin launin sama ya fi kyau a wannan tsakanin. Ke nan a bar gindin dutse 3:40, a tashi daga barci 2:50. A watan Yuni rana tana fitowa da wuri, wajen 6:10, a ƙarshen Janairu kuma tana kai wa kusan 6:50, don haka a duba lokacin ranar da za a yi tafiyar a jadawalin salla ko a waya.

A yi lissafin da saurin wanda ya fi kowa nauyin ƙafa. Sannan a yanke lokacin juyawa tun a ƙasa, kowa ya ji da kunnensa: misali, in 7:30 ta yi ba a isa ba, a juyo. Wanda ya ga ƙololuwa tana hango shi ba ya son jin wannan magana, shi ya sa ake yanke ta tun kafin a gaji.

Kayan tafiya

Fitila ita ce gaba. Ta goshi ake so, wadda ake ɗaurawa a kai, domin hannuwa biyu su zama a sake wajen kama dutse. Mai ƙarfin lumen 200 zuwa 300 ta isa. Ana rubuta adadin a jikin kwalin. Kowa da tasa, kowa da batir na ajiya, kuma ayari ya riƙe ƙaramar tocila guda ta ko-ta-kwana. Fitilar waya ba ta cikin lissafi: haskenta ba ya nisa, tana cinye caji, kuma in ka zame wayar ce za ta fara bugun dutse. Ka gwada fitilar a daren jajibiri, ka koyi inda maɓallin rage haske yake. In ta caji ce, ka cika ta, ka kulle maɓallin ko ka naɗe ta yadda ba za ta kunna kanta a cikin jaka ba, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato.

Takalmi ya zama mai rufe ƙafa, mai tsaga-tsaga masu zurfi a ƙasa, in da hali mai kama idon sawu. Ana samun masu kyau a gwanjon Kasuwar Barci da ke Kaduna. Ka lanƙwasa shi da hannu ka duba ko gam ɗin ƙasan ya fara saki, don takalmin gwanjo da ya daɗe a ajiye yakan rabu da ƙasansa a tsakiyar hanya. Ka gwada shi da yamma sanda ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri, ya rage faɗin ɗan yatsa tsakanin babban yatsanka da bakin takalmin. Ka yi mako biyu kana yawo da shi kafin ranar. Ka yanke farce. Silifa da takalmin fata mai sulɓi su zauna a gida.

Sutura hawa uku ce. Ta ciki mara nauyi mai saurin bushewa, irin rigar 'yan ƙwallo. Ta tsakiya rigar sanyi. Ta waje mai tare iska. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, in ka tsaya sai ta yi sanyi a jikinka kamar jiƙaƙƙen tsumma. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyas a kowane hawan mita 1,000. Kaduna tana kusan mita 600 sama da teku, don haka in gari ya waye da digiri 15 a Kaduna, wanda ke mita 1,800 zai iya ganin 7, kafin a sa iska a lissafi. Bakin tafki ma ya fi kewayensa sanyi, saboda iska mai sanyi tana da nauyi, tana gangarowa cikin dare ta kwanta a kwarmi. Hular sanyi, safar hannu, da busasshiyar riga guda a cikin leda. Dogon wando dole ne. Mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin riga mai tsayin gwiwa, da ƙaramin hijabi da aka cusa cikin rigar sama. Dogon hijabi da zani suna kama ƙaya, suna kuma rufe wa mutum ganin inda zai taka.

Ruwa rabin lita ga kowace awa ta tafiya. Tafiyar awa biyar, zuwa da dawowa, lita biyu da rabi, a ƙara rabin lita don alwala. A raba shi gora biyu, in ɗaya ta fashe ɗaya ta rage. Gora guda a yi mata haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan ta saukowa ce. Guzuri kuwa dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dakuwa, ayaba, dafaffen ƙwai, biredi, da shayi a filas. Kilishi yana da daɗin ɗauka amma yajinsa yana jawo ƙishirwa, a bar shi sai an sauko.

Sauran ƙananan kaya: sanda mai ƙarfi da ta kai ƙirji, usur ga kowa, bandeji mai naɗewa guda biyu, filasta, farasitamol, man kaɗe don leɓe, ashana, ƙaramar wuƙa, ledar shara, da bankin caji. Duka jakar kada ta wuce kashi ɗaya bisa goma na nauyinka da yawa. Mai kilo 70 ya tsaya wajen kilo 7 zuwa 8. Kaya masu nauyi su jingina da bayanka, abin da za ka nema cikin duhu ya zauna a aljihun sama.

A waya, a sauke taswirar yankin tun ana da sabis. Na'urar gane wuri ta waya tana aiki da tauraron ɗan Adam ko babu sabis, don haka a sa wayar a yanayin jirgin sama, a kunna manhajar da ke zana sawun tafiya tun daga gindin dutse. Zanen nan shi ne zai mayar da ku in hazo ya rufe. Wayar ta zauna a aljihun ciki kusa da jiki, sanyi yana kashe batir.

Daren tafiya

A ci abincin dare da wuri, abin da ciki ya saba da shi, tuwo ko shinkafa, ba yaji da yawa. A haɗa jaka kafin a kwanta, a kwanta bayan isha'i. Da an tashi a sha ruwa kofi biyu, a ci abu mara nauyi, shayi da biredi ko kunu. A zazzage takalmi kafin a sa, kunama tana son ɗumin cikinsa. Wanda ya san inda takalmi ke cin sa ya manna filasta a wurin tun yanzu, kafin bororo ya fito.

Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi. Cikin minti goma jiki zai ɗauki zafi. Wanda ya tashi da riguna uku zai jiƙe da gumi kafin rabin hanya, ya je bakin tafki yana karkarwa.

Tafiya cikin duhu

Ɗan jagora a gaba, mai nauyin ƙafa a bayansa, mafi ƙwarewa a can ƙarshe. Tsakanin mutum da mutum taku uku zuwa huɗu, don sanda ko reshen da na gaba ya saki kada ya sami na baya. Ba wanda zai wuce jagora, ba wanda za a bari a bayan na ƙarshe. Duk inda hanya ta rabu, a tsaya a ƙirga kai. A yi yarjejeniyar usur: busa ɗaya a tsaya, busa uku a jere akwai matsala.

Ka karkata fitila ƙasa, ta haska taku uku zuwa biyar a gabanka, a matsakaicin haske. In za ka yi wa wani magana, ka kawar da kai ko ka rufe fitilar da tafi. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske ɗaya a fuska yana rushe wannan. Akwai wata illa ta fitilar goshi da ba a cika faɗa ba: da yake hasken yana fitowa daga kusa da ido, inuwar duwatsu tana ɓuya a bayansu, sai ƙasa ta yi kamar shimfiɗaɗɗiya alhali akwai rami. A wuri mai gargada, ka cire fitilar ka riƙe ta daidai ƙugu, inuwa za ta fito, tudu da kwari su bayyana. Haka ma in ƙura ko hazo ya sa hasken yana dawo maka ido.

Sauri shi ne wanda za ka iya magana ba tare da haki ya yanke ta ba. Sannu ba ta hana zuwa. Gajeren taku, tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse. A wuri mai tsayi a yi hawan karkace, dama da hagu. A huta minti biyar duk bayan minti 45, a tsaye ko a jingine, a kurɓi ruwa ko ba a jin ƙishi, don sanyi yana ɓoye ƙishirwa.

Duwatsun yankinmu galibi falale ne masu sulɓi. In sun bushe suna kama takalmi da kyau. Amma ka lura da baƙaƙen layuka da ke gangarowa a jikinsu: hanyar ruwa ce, akwai gansakuka, raɓar asuba kaɗai ta isa ta mayar da ita santsi. Ka taka farin wuri mai kaushi. Tsakuwa a kan falale ita ma tana mirginawa a ƙarƙashin ƙafa. Dutse mai ɓawo, wanda in ka buga da sanda yake ƙara kamar ganga, kada ka dogara da shi. Wanda ya ture dutse ya gangara ya ɗaga murya nan take ya ce "Dutse!", na ƙasa su manne da jikin tsauni, kada su ɗaga kai kallo.

Maciji yana yawo da dare da kuma asuba. Kububuwa, wadda ake kira gobe-da-nisa, ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, tana son wuri mai duwatsu. Kasa kuma ba ta gudu, kwanciya take yi a kan hanya. Sanda ta riga ƙafa shiga ciyawa. Kada ka sa hannu a tsagar dutse ko saman dutsen da ba ka haska ba. In ka zo gungume ko dutse a hanya, ka hau kansa ka haska bayansa kafin ka sauka. Ka kuma kula da karara, mai kwanso da gashi ruwan ƙasa da ke rataye a jikin bishiyoyi da kaka. In ta taɓa ka kada ka sosa, ka manna filasta ka ɗaye, gashin zai biyo ta.

In kun daina ganin alamar hanya, ku tsaya a inda kuke. Ku koma wurin ƙarshe da kuka tabbatar, da taimakon zanen waya. In abin ya rikice, ku sa rigunan sanyi ku zauna. Gari zai waye cikin awa ɗaya ko biyu, kuma hanyar da ta gagara da fitila takan bayyana da kanta da hasken safe.

Asuba a hanya

Bisa misalin da ya gabata, alfijir zai same ku kun ci kusan kashi uku bisa huɗu na hanya. Ku sa jagora ya zaɓi shimfiɗaɗɗen wuri nesa da bakin gangara tun kafin lokacin. Kowa ya sa rigar sanyi kafin ya taɓa ruwa. Alƙibla daga yankin Kaduna tana wajen digiri 67 daga arewa, gabas mai karkata arewa. A Disamba rana tana fitowa ta gabas mai karkata kudu, don haka alƙibla tana hagu sosai da inda jan alfijir ya fi ƙarfi. A duba kamfas ɗin waya. Abokan tafiya da ba sa salla su yi amfani da lokacin su ci wani abu su gyara igiyar takalmi.

A bakin tafki

Da isa, kafin hoto, kafin komai, ka cire jiƙaƙƙiyar riga ka sa busasshiya, ka ɗora sauran, ka sa hula. Mafi sanyin lokaci a yini shi ne daidai fitowar rana, kuma a lokacin ne ka daina motsi. Ka zauna a kan jaka, dutse yana zuƙe ɗumin jiki. Wanda ya fara karkarwa mai ƙarfi, magana tana sarƙe masa, ko ya kasa zuge zif, a canza masa kaya, a tare masa iska, a ba shi shayi mai zaƙi, a fara shirin sauka.

Wurin tsayawa ya danganta da abin da kake son gani. Daga gaɓar gabas kana kallon yamma, za ka ga hasken farko ya sauka a kan ƙololuwa ya yi ja, hotonsa yana kwance a cikin ruwa, yana gangarowa a hankali. Daga gaɓar yamma kana kallon gabas, launin sama za ka samu da tururin ruwa. Tafkin da ke cikin kwarmi rana ba ta taɓa shi sai bayan lokacin da jadawali ya nuna, wani lokaci da rabin awa ko fiye, saboda bangon dutsen gabas ya tare ta. Ku kashe fitilu, ku rage murya. Lokacin ne rema ke fitowa shan hantsi a kan duwatsu, tsuntsaye kuma suna saukowa ruwa. In akwai gwaggon biri, a rufe abinci, kada a ba su komai.

Kada a shiga ruwan. Tafkin bakin dutse mai aman wuta yakan zurma farat ɗaya taku kaɗan daga gaɓa, ruwan sanyi kuma yana sa mutum ya ja numfashi ba da niyya ba, ko gwanin iyo ne. Kwantaccen ruwa a ƙasarmu yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata. A tambayi jagora ko akwai kada. In dole sai an sha ruwan, a tace da tsumma mai tsabta a tafasa minti ɗaya cur. Sama da mita 2,000 a kai minti uku, saboda a can ruwa yana tafasa kafin ya yi zafin da yake yi a ƙasa. Bayan gida a yi shi nesa da ruwa da taku 70 ko fiye, a tona rami a rufe. Sabulu kada ya taɓa tafkin, mutanen ƙasa da dabbobinsu suna sha daga abin da ke gangarowa. Wuta kuma da rani a haƙura da ita gaba ɗaya. Tartsatsi ɗaya a busasshiyar gamba ya isa ya cinye gefen dutse har gonakin mutane.

Wanda zai je manyan tsaunuka irin na Kenya ya san cewa daga mita 2,500 ciwon tsayi yana iya kama kowa, mai ƙarfi da mara ƙarfi: ciwon kai, tashin zuciya, jiri. Sama da mita 3,000 ba a ƙara tsayin wurin kwana fiye da mita 500 a rana, kuma in alamun suna ƙaruwa, sauka ce magani.

Saukowa

Ku bar bakin ruwa kafin 8. Kafin a tashi, kowa ya sake ɗaure takalmi, ya tsuke igiyar wajen idon sawu don ƙafa ta daina zamewa gaba tana buga yatsu. Rashin yin haka ne ke baƙanta farce. A cire rigunan sanyi, a sa hular rana, a fara shan gorar gishiri da sukari.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma tana zuwa ne sanda ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, gajeren taku, sanda a gaba. A falale mai gangara kada ka jingina baya, nauyinka ya tsaya a kan tafin ƙafa. In ya yi tsayi, ka juya ka fuskanci dutsen, ko ka zauna ka sauka da hannu da ƙafa. Ba gudu, ba yanke. Hanyar za ta yi maka baƙunta da rana domin da fitila ka gan ta, don haka ka bi jagora da zanen waya ko da idonka yana ce maka ga wata mafi sauƙi. Ƙudan zuma ma sun farka yanzu. A wuce wurinsu shiru, ba turare mai ƙarfi.

In hadari ya taso, ka ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, ku bar ƙololuwa, bakin ruwa, da gindin doguwar bishiya da ke tsaye ita kaɗai, ku gangara, ku warwatsu kaɗan, ku jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Targaɗe a naɗe shi da bandeji, a mayar da takalmi a ɗaure, a raba kayan mai raunin, a sauka da shi a hankali. In ƙafa ta karkace ko ba ta ɗaukar nauyi ko kaɗan, a ɗaure ta da sanda biyu, a aika neman masu ɗauka. Saran maciji kuwa: a janye daga wurin, a kwantar da mutumin, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗora sanda a naɗe don gaɓar ta daina motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya da igiya, ba ɓata lokaci wajen neman macijin. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, don haka kada a ba shi asfirin ko ibuprofen; farasitamol kawai. Mutum yana iya jin sauƙi da farko jini ya ɓalle daga baya, ta dasashi ko fitsari, shi ya sa ko ya ce ya warke sai an kai shi. Asibitin da ke da allurar dafin maciji a yankin, tun jajibiri ake tambayar sa, a kuma san mai mota ko mai babur da za a kira.

Da kun iso gindin dutse, ku ƙirga kai, ku sallami jagora, ku koma ku shaida wa mai unguwa da 'yan sintiri kun sauko, ku kira na gida kafin lokacin da kuka ba shi ya cika. Ku duba jiki ko kaska ta kama, musamman bayan gwiwa, ƙugu da hammata. Direban da ya tashi tun 2:50 ya yi barcin awa ɗaya ko biyu kafin ya kama hanyar Kaduna. Kafin a manta, wani ya rubuta lokutan da aka yi: sanda aka tashi, sanda aka isa mararraba, sanda aka isa ruwa, da ruwan sha nawa ya rage a gora.